Gwankin da Misbahu Ya Zaɓa wa Mahaifinsa

Malam Muntaka Almu ya shafe shekara ashirin da tara yana gyaran injinan sanyaya ɗakuna da na ɗumama ruwa a wani asibiti da ke kusa da Lanham, a jihar Maryland. Dogo ne, siriri, mai ƙarancin magana, kuma ba a jin takunsa. Ma'aikatan jinya sun sha yi masa ƙorafi cikin raha, wai sai dai su waiwaya su gan shi tsaye a bayansu da akwatin kayan aiki. Wata daga cikinsu har ta taɓa saya masa 'yar ƙararrawa, ta ce ya rataya a wuya. Ya karɓa, ya yi godiya, ya jefa ta a aljihun tebur.

Wannan tafiya tasa gadonta ya yi. Mahaifinsa, Almu, shi ne Sarkin Baka, wato shugaban maharba, na wani ƙauye da ke gefen Dajin Falgore a ƙasar Kano. Tun Muntaka yana ɗan shekara bakwai aka koya masa ya fara ajiye gefen ƙafa kafin tafinta, ya gane inda iska ta nufa ta hanyar sakin toka daga yatsunsa, ya kuma bambanta sawun gada da na mazo. Amma bai zama maharbi ba. An sa shi makaranta, ya koyi aikin injina, ya yi aiki a wata masaƙa a Kano har ta fara durƙushewa. A shekarar 1995 sunansa ya fito a cacar biza, ya taho Amurka da amaryarsa, Sailuba. A nan suka haifi ɗansu na fari, Misbahu, sannan Umaima bayan shekara huɗu.

Gidan da nake zaune shi ne na uku daga nasa, kuma tun da na ajiye aikin koyarwa na dawo wajen 'yata, tare muke takawa zuwa masallaci. Abin da ke cikin wannan rubutu, wani na gani da idona, wani shi ya gaya mini, kuma da izininsa na rubuta.

Malam Muntaka yana cikin mutanen da suka riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Ban taɓa jin sunan Misbahu a bakinsa ba. Da yana ƙarami, "yaron nan" ne. Da ya gama jami'a ya sami aiki a wani kamfanin kwamfuta a Germantown, sai ya koma "Injiniya". Idan Malam Muntaka zai ba da labarin farauta bayan cin abinci, Umaima yake fuskanta, ita yake yi wa kwaikwayon kukan dabbobi. Misbahu kuwa yakan zauna a kan matakalar bene da littafi buɗe a cinyarsa, amma ba ya juya shafi. Daga can ya haddace labaran kakansa duka: ranar da ɓauna ta kori Almu har ya wuni a kan itacen marke, da yadda maharbi ke ɗaura kan burtu a goshi ya rarrafa har ya kusanci barewa, da yadda ake rabon nama in an dawo gari, kowace gaɓa da mai ita.

Labari ɗaya ne Malam Muntaka bai taɓa bayarwa ba. A gidan Almu ba a harbin gwanki. Gwanki babbar dabba ce mai girman doki, mai dogayen kunnuwa, da fuska mai zanen baƙi da fari, da ƙahoni da suka lanƙwasa baya. Ba sa cin namansa, ba sa ma zama a kan fatarsa. An ce kakan kakansu ne ya ɓata a daji da rani, ƙishirwa ta kusa kashe shi, sai ya bi sawun gwanki har ya kai shi ga ruwa, ya kuwa yi alkawari a madadin zuriyarsa. Irin wannan hani shi mutanen dā ke kira kan gida. Da Muntaka ya yi karatun addini a Kano, ya koma ƙauye yana ɗan shekara ashirin, ya faɗa wa mahaifinsa a gaban jama'a cewa wannan camfi ne, Allah bai haramta gwanki ba. Har Almu ya rasu ba su sake ta da maganar ba. Da Muntaka ya zo Amurka, sai ya ƙudurta cewa 'ya'yansa ba za su ji ta ba.

Bakinsa ya iya ɓoyewa, amma jikinsa bai iya ba. Duk lokacin da aka nuno gwanki a shirin namun daji na talabijin, sai ya ajiye cokali, ya matso, ya zuba ido har dabbar ta wuce. Ya taɓa sayo hoton gwanki a wajen masu gwanjon kayan gida, ya rataye shi a hanyar ɗakinsa. Misbahu yana ganin wannan tun yana yaro, kuma ya yanke hukuncin da kowane ɗa mai son ubansa zai yanke: wannan ita ce dabbar da Baba ya yi burin samu, boko da ƙaura suka hana shi.

Da Malam Muntaka ya yi ritaya, aka shirya masa walima wata Asabar cikin watan Janairu, a gidan abokinsa Idrissa da ke Takoma Park. Idrissa Badamagare ne, mai haɗa sauti a sashen Hausa na gidan rediyo, kuma tsakaninsa da Malam Muntaka akwai wasan nan na Kanawa da Damagarawa. Bayan an ci masa da miyar taushe, Misbahu ya miƙe. Shi da ya saba amsa Hausa da Turanci, ranar nan da Hausa ya yi magana, domin ya yi mako guda mahaifiyarsa tana gyara masa jimlolin.

"Baba, kai ka ba mu labarin daji," in ji shi. "Yanzu mu ne za mu kai ka daji."

Ya durƙusa ya miƙa masa ambulan. A ciki akwai takardun wani kamfanin farauta: kwana goma a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, cikin watan Yuli, su huɗu, tare da jagora mai lasisi da masu bin sawu. Misbahu ya riga ya biya kafin alƙalami. A shafi na ƙarshe akwai hoton wani ƙaton gwanki tsaye a bakin ruwa.

"Wannan naka ne, Baba. An ware maka shi."

Ɗaki ya ɗauki kabbara da tafi. Idrissa ya fizgi hoton ya ɗaga sama.

"Kai, Sarkin Bakan Lanham! Ga kado, kyauta ta gaske! Shekara nawa kana cika mana kunne da labarin ɓauna, alhali ko ɓeran asibiti ba ka taɓa kashewa ba? Yau za a ga Bakano da bindiga. Injiniya, ka gaya wa jagoran nan ya riƙa tsayawa a bayansa, kada ya tsaya a gaba."

A kullum Malam Muntaka yakan rama da cewa Damagarawa fara kaɗai suka iya farauta. Ranar nan bai rama ba. Ya ce, "Allah Ya yi albarka," ya maimaita har sau uku. Kowa ya ɗauka murna ce. Sailuba kaɗai ta bar rabon lemo ta tsaya tana dubansa. Ita ta san hanin, domin an gaya mata shi tun tana amarya, amma ɗanta bai nuna mata dabbar da ya zaɓa ba.

Daga nan shiri ya kankama. Wakiliyar kamfanin, wata mata mai fara'a da ake kira Martina, takan kira su ta bidiyo duk bayan mako biyu, su taru a teburin cin abinci da fom a gabansu. Akwai layin da ake rubuta masu harbi, akwai layin 'yan kallo. Misbahu ya sa sunansa da na mahaifinsa a layin farko. Umaima ta ce ita kyamara kawai za ta riƙe, kuma in an zo wajen jini a gaya mata ta juya baya. An tambayi magungunan da kowa ke sha, da abincin da ba sa ci. Kan bindiga, Misbahu ya ce a can za su yi haya, domin ba zai tsaya a filin jirgi da suna irin nasu da akwatin bindiga a hannu ba. Sailuba ta tambaya ko za a bar ta ta shiga kicin, da kuma buhu nawa na nama za a yarda su taho da shi ta yi kilishi. Martina ta yi dariya ta ce ko tsoka ɗaya ba ta shiga Amurka. Ƙaho da fata kaɗai ake aikowa, bayan watanni. Sailuba ta ce ita ba ta taɓa jin an je farauta an dawo wa maƙwabta da ƙaho ba.

Malam Muntaka tambaya ɗaya ya yi, ko za a bar shi ya yi bisimilla ya yanka da wuƙarsa in sun tarar da dabba da sauran rai. Aka ce jagoran ya saba da baƙi Musulmi. Sannan Martina ta yi bayanin cewa gwanki ba kamar sauran dabbobin ba ne. Sai an nemi izini na musamman da sunan wanda zai harba, kuma tana bukatar sa hannunsa kafin ƙarshen watan Maris.

Duk mako kuma hotuna suna shigowa wayar Malam Muntaka daga wata kyamara da aka ɗaure a jikin itace a bakin ruwan. Ya nuna mini ɗaya muna hanyar masallaci.

"Malam, dubi nan," in ji shi. "A gidanmu maharbi ba ya sanin abin da zai samu sai ya shiga daji. Nan kuwa an nuna mini fuskarsa. Ka ga kunnensa na hagu a tsage yake? Na san lokacin da yake zuwa shan ruwa. Na san yana ɗingisa ƙafar baya."

Ya fara neman mafita ta hanyoyin da ba su dace da mutum irinsa ba. Ya ce kafaɗarsa ta dama tana ciwo, ba za ta ɗauki bugun bindiga ba. Cikin kwana biyu Misbahu ya samo masa likitan gashin ƙashi, ya kuma sa kamfanin ya tanadi bindiga mara nauyi. Ya ce idonsa ya yi rauni. Misbahu ya kai shi aka canza masa tabarau. Sannan ya ɗauke shi wata Asabar zuwa filin koyon harbi, inda ake ɗora bindiga a kan sanduna uku kamar yadda za a yi a daji. Malam Muntaka ya tafi da niyyar ya riƙa kuskure. Amma da ya kafa kunci a jikin bindigar, ya ji ƙamshin albarushi, sai ya manta da niyyarsa. Harsashi uku ya saki, dukansu suka taru a tsakiyar takarda, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Mai koyarwar ya tambaya ko tsohon soja ne. Misbahu ya ɗauki bidiyo ya aika wa duk wanda ya sani, har da Idrissa, wanda ya kira ya ce ya janye maganar ɓera.

Daga ranar nan ba shi da sauran hanzari. Ya rame, ya daina zama hira bayan salla. A tsakiyar Maris, muna dawowa daga la'asar, ya tsaya a bakin wani benci ya ce mu zauna. A nan ya gaya mini hanin gidansu, sannan ya gaya mini abin da ko matarsa ba ta sani ba.

A shekarar fari ta 1973 yana ɗan shekara goma sha biyu. Rumbunansu sun ƙare, ƙananan dabbobi sun yi nisa. Babban wansa, Maitama, ya shiga daji kwana uku ya dawo da nama a buhu. Muntaka ne ya tare shi a bayan gari, Maitama ya yanko masa wata tsoka da ya gasa a hanya, ya ce ya ci kada ya yi tambaya. Da suka isa gida, Almu ya ɗaga nama ɗaya, ya ga gashin da ya maƙale a jiki, ya gane. Ya sa aka kai buhun wata unguwa aka rabar, 'ya'yansa suna kallo da yunwa, sannan ya ce wa Maitama ya bar masa gida. Maitama ya tafi wajen Jos, kuma bai sake dawowa ba.

"Na ci, Malam," in ji shi. "Kuma ya yi mini daɗi. Aka kore shi ina tsaye, ban ce uffan ba. Da na girma na ce wa tsoho camfi ne, ban sani ba ko don Allah na faɗa, ko don in wanke kaina."

Na tambaye shi ko ya nemi fatawa. Ya ce ya tambayi liman ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Liman ya ce babu laifi mutum ya bar abin da yake halal, muddin bai ce Allah ne Ya haramta ba, kuma bai yi imani cewa dabbar tana da ikon cutar da shi ba.

Na ce, "To ai magana ta warware."

"Ba ta warware ba. Ni ba tsoron gwanki nake yi ba. Amma in na ja kunamar bindigar nan don nishaɗi, da cikina a ƙoshe, me aka kori Maitama a kansa? In kuma na ƙi, sai na zaunar da yaron nan na gaya masa dalili. Shekara ashirin da tara ban taɓa zama da shi mu biyu na buɗe masa cikina ba. Ta ina zan fara? Kuma ka ga yadda yake murna."

A gida ma ba a bar shi ya huta ba. Sailuba ta gaya mini daga baya cewa kullum sai ta tayar da maganar.

"Malam, ka gaya masa, ko ni in gaya masa."

"Ba daga bakinki ya kamata ya ji ba."

"To daga bakin wa? Kai da in ya shigo ɗaki sai ka kama gyaran rimot? Ni ma ba na kiran sunansa, amma ina yi masa magana."

"Zan gaya masa."

"Yaushe? In kun sauka a jirgi?"

Ranar Lahadi, saura kwana uku wa'adin Martina ya cika, ina falon Malam Muntaka muna shan shayi da yamma sai ga Misbahu ya shigo da sabuwar takarda. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya zauna a kan kafet kusa da ƙafar mahaifinsa. Yawancin abin da ya faɗa ranar nan da Turanci ne, ni na mayar da shi Hausa.

"Baba, na lura ba ka sa hannu ba," in ji shi. "Na gane. Kana tsoron kada ka raunata shi ya gudu ya wahala, ka ji kunya a gaban mutane. Ba komai. Na yi magana da Martina, an mayar da izinin sunana. Ni zan harba, kana tsaye a gefena. Ai duk ɗaya ne, jikan Almu ne ya harba."

Malam Muntaka ya ajiye kofi da ƙarfi har shayi ya zuba.

"Ba za ka harbe shi ba."

"Na yi atisaye, Baba. Ka ga ai ni ma..."

"Na ce ba za ka harbe shi ba!"

Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Sailuba ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa. Na yunƙura zan tashi in ba su wuri, sai ya riƙe hannun rigata ya ce in zauna. Sannan ya juyo gare ni, ya fara ba da labarin tun daga kakan kakansu da ƙishirwa, kamar ban taɓa ji ba. Ya kai wajen alkawari, ya kai wajen hani, duk idonsa yana kaina. Misbahu yana zaune a ƙasa yana kallon gefen fuskarsa.

"Baba," in ji shi, wannan karon da Hausa. "Ni kake gaya wa, ko Malam?"

Malam Muntaka ya ja kujerarsa ya juya ta, ya fuskanci ɗansa, ya ci gaba. Bai tsallake komai ba, har da buhun Maitama, har da tsokar da ya ci a bayan gari. Sailuba ta dafe ƙirji da ta ji wannan.

Da ya gama, Misbahu ya tambaya, "Hanin nan, ni ma ya hau kaina?"

"Ya hau kan duk wanda ya fito daga gidan."

"Kai ka yarda da shi?"

"Ban yarda gwanki yana da wani iko ba. Amma ba zan iya ba. Kuma ba zan iya tsayawa ina kallo kai ka yi ba."

"To hoton da ke hanyar ɗakinka fa?"

"Shi ke nan abin da ya rage mini na gidanmu."

Misbahu ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba.

"Shekara biyu ina shirya tafiyar nan. Na karanta komai a kan dabbar nan. Na tsaya a gaban mutane na miƙa maka ita, suna tafi. Wata biyu da rabi kana kallona ina kai ka wajen likitoci a kan kafaɗar da lafiyarta lau. Kalma ɗaya, Baba, tun a mota ranar walima."

"Kunya ce ta hana ni."

"Kullum kunya. Abokaina suna tambayata me ya sa babanka ba ya kiran sunanka, in ce musu al'adarmu ce, girmamawa ce. Ni nake kare ka. Labarin ɓauna na ji shi ya fi sau hamsin, kuma ba ni ake ba wa ba, daga kan bene nake tsinta. Labari ɗaya da ya shafe ni, wanda da na je can na aikata abin da aka kori mutum a kansa, shi ne ka ɓoye. Ashe ma ina da baffa? Yana raye?"

"Ban sani ba."

Sailuba ta ce, "Injiniya, ka yi haƙuri, ka tsaya ka ci abinci."

Ya tattara takardunsa, ya durƙusa ya yi mana sallama kamar yadda aka koya masa, ya fita. Muka ji tashin motarsa. Tuwon da aka tuƙa dominsa ya huce a kan tebur.

Ranar Laraba, wadda ita ce ranar wa'adi, saƙon Martina ya shigo. An cire gwanki daga jerin dabbobinsu, an bar mazo da wasu ƙananan bareyi. Ta ƙara da cewa an mayar da tsohon gwankin cikin waɗanda kamfanin zai tallata, kuma akwai mai nema. Malam Muntaka ya karanta wannan layin ya ce, "Allah Sarki." Daga ranar hotuna suka daina zuwa wayarsa.

Amma abin da ya fi taɓa shi yana ƙasan takardar. A layin masu harbi sunansa kaɗai ya rage. Sunan Misbahu ya koma layin 'yan kallo, ƙarƙashin na mahaifiyarsa da na ƙanwarsa. Umaima ce ta kawo bayani ta waya. Ta ce yayanta ya ce ba fushi yake yi ba, kuma tafiya tana nan, amma ba zai ɗauki bindiga da sunan gidan da bai san dokokinsa ba, domin bai san me kuma ba a gaya masa ba.

"Sai yanzu na gane abin da nake so a tafiyar nan," in ji Malam Muntaka da ya nuna mini takardar. "Ba dabba ba ce. So nake in ga yaron nan a gabana a daji, in nuna masa yadda ake ajiye ƙafa."

Asabar ta gaba ya shiga motarsa shi kaɗai, ya bi babbar hanya ta 270 zuwa Germantown. Wannan ne karo na farko da ya je gidan ɗansa ba tare da Sailuba ba. Misbahu ya karɓe shi da ladabi, ya dafa masa shayi, sannan ya tambaye shi ko akwai sauran abin da bai sani ba. Akwai. A gidan Almu ba a harbin dabba tana shan ruwa, ba a harbin mai ciki, kuma maharbi ba ya cin naman abin da ya fara kashewa a rayuwarsa, sai ya rabar da shi duka. Misbahu ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya a wayarsa. Ya tambayi sunan ƙauyen da aka ce an taɓa ganin Maitama, ya rubuta shi ma. Ya raka mahaifinsa har mota, ya buɗe masa ƙofa. Bai ce komai game da fom ba.

Yanzu muna cikin watan Mayu. An sayi tikitin jirgi, an yi alluran da likita ya ce a yi, Sailuba ta fara ƙulla yaji da kuka a ƙananan robobi. Martina ta ce ana iya sauya layin masu harbi har zuwa tsakiyar Yuni. Malam Muntaka yana zuwa Germantown kusan kowace Asabar, wani lokaci su yi hira, wani lokaci su zauna shiru suna kallon ƙwallo. Na tambaye shi ko ya roƙi Misbahu ya mayar da sunansa. Ya ce a'a, wanda ya yi shekara ashirin da tara yana jira a gaya masa magana ɗaya, ba a yi masa gaggawa. Jiya da muka fito daga masallaci ya sake buɗe saƙon ya duba, ko an aiko da sabo. Sunansa ne kaɗai a layin.